“Je Ki Rage Ƙiba”: Yadda Na Bi Matakan Neman Magani

Ban taɓa zama siririya ba. Mahaifiyata mai jiki ce, haka ƙannenta mata, haka kakarmu. Tun ina ƙarama ni ake turawa layin baya idan za a ɗauki hoto, ni ce kuma kowa ke da shawarar da zai ba. Saboda haka ba ƙiba ce ta fara kai ni asibiti ba, ita mun saba da juna. Gwiwata ta hagu ce ta kai ni, bayan na turguɗe a kan matakala ta kumbura, ta riƙa maƙalewa idan na zo miƙewa.

Likitan da na fara gani bai taɓa gwiwar ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, “Hajiya, wannan ai nauyi ne. Je ki rage ƙiba, za ki ga ta daina.” Ya rubuta maganin rage zafi ya miƙo mini katina. Na ce masa faɗuwa na yi, ya ce to ai nauyin ne ya kayar da ni. Ba wannan ne karon farko da na ji irin amsar ba. Na taɓa zuwa da tari aka ce in rage ƙiba, na je da ciwon kai aka ce in rage ƙiba. A hankali sai na daina zuwa asibiti gaba ɗaya, sai dai in kai yara. Na yi shekaru ina ɗingishi, ina shafa man zafi, ina hawa matakala da ƙafa ɗaya.

Daga baya na gano ba ni kaɗai ba ce. A 2003 an tambayi likitoci 620 a Amurka yadda suke kallon majinyata masu ƙiba, fiye da rabinsu suka ce suna ganin su a matsayin marasa fasali, marasa kyan gani, waɗanda ba sa bin umarnin likita. A 2006 Rebecca Puhl da Kelly Brownell sun tambayi mata fiye da 2,000 masu ƙiba daga wajen wa suka fi shan tsangwama. 'Yan'uwa na gida ne suka zo na ɗaya, likitoci suka biyo baya, kusan mace bakwai cikin kowace goma ta ce likita ya taɓa yi mata. Wannan jerin bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Baƙo a hanya zai yi maka kallo ya wuce. Na gida shi ne zai tsaya a kanka kana cin abinci ya ce, “Har yanzu ba ki ƙoshi ba?”, kuma ya rantse don yana ƙaunarka ya faɗa.

Ba wai ban yi ƙoƙari ba a tsawon lokacin nan. Na yi wa kaina horon yunwa, na sha shayin rage teɓa iri-iri wanda ba abin da ya ƙara mini sai zaryar banɗaki, na ɗaure cikina da ɗamara har na kasa numfashi. Ina ramewa, a yaba mini, bayan 'yan watanni komai ya dawo har da ƙari. Duk dawowar kuma sai ta zama hujja a hannun mutane cewa ba ni da juriya.

Abin da ya mayar da ni asibiti shi ne barci. Maigidana ya ce minsharin da nake yi ya canza, numfashina na ɗaukewa har sai ya taɓa ni sannan in ja iska da ƙarfi. Da safe ina tashi da ciwon kai, a wurin aiki kuma gyangyaɗi na kama ni ana tsakiyar taro. Na san abin da abokan aiki ke cewa, don na taɓa jin wata na raɗa wa ta kusa da ita cewa masu jiki dama haka suke, ci da barci. Yayata ce ta matsa mini, ta ce, “Ko ba don ke ba, don yaran nan.” Ta haɗa ni da wata likita a wani asibiti daban.

Wannan likitar ta sa na hau gado, ta lanƙwasa gwiwar, ta juya ta, ta danna gefenta har sai da na yi ƙara. Ta tura ni hoto. Hoton ya nuna guringuntsin cikin gwiwar ya yage, kuma tsohon rauni ne. Ta ce nauyi na ƙara wa gwiwa wahala, wannan gaskiya ne, amma ba nauyi ne ya yaga ta ba, faɗuwar ce. Ta tura ni sashen gashin ƙashi, inda aka koya mini motsa ƙafar da ƙarfafa naman cinya, cikin 'yan watanni na fara hawa matakala da ƙafa biyu. Sai da muka gama maganar gwiwa da ta barci sannan ta ajiye biro ta ce, “Malama, kin yarda mu yi maganar nauyin jikinki yau, ko mu bar ta wani lokaci?”

Na yi shiru, don ba wanda ya taɓa neman izinina kafin ya yi maganar jikina. Ashe ba kirkinta kaɗai ba ne, tsari ne. Ƙa'idojin kula da masu ƙiba da likitocin Kanada suka fitar a 2020 sun sa neman izinin majinyaci a matsayin mataki na farko, kafin awo, kafin shawara. Na ce na yarda. Ta rubuta mini takardar zuwa sashen da ke kula da masu ƙiba.

Ranar farko a can awo ne. Abin da na fara lura da shi kujeru ne: masu faɗi, marasa hannu. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin ɗaki yana lissafin ko kujera za ta ɗauke shi ba, ba zai gane daɗin wannan ba. Sikelin ma a lungu yake bayan labule, kuma nas ɗin ba ta ɗaga murya ta faɗi lambar don wani ya rubuta ba, ta tambaye ni ko ina son in gani. Da ta zo awon jini sai ta dubi damtsena, ta ajiye abin naɗawar da ke jikin na'urar ta ɗauko babba. Ta ce idan aka naɗa wa mai kaurin hannu ƙarami, na'urar na nuna jinin ya hau fiye da yadda yake. Jinina ya ɗan hau, amma bai kai lambobin da aka sha tsorata ni da su ba. Na tuna sau nawa aka matse mini hannu da ƙaramin har ya ɓalle, nas na tsaki kamar hannuna ne ya yi laifi.

Sai lissafin BMI, wato a raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau kansa. Daga 25 ana cewa nauyi ya wuce kima, daga 30 ana cewa ƙiba ce. Nawa ya kusa 37. Likitan sashen, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce kada in ɗauki lambar a matsayin hukunci. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya ƙirƙiro ta a shekarun 1830 don nazarin jama'a a dunƙule, ba don duba mara lafiya ba, sai a 1972 Ancel Keys ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi yanzu. Ba ta bambanta kitse da tsoka, ba ta faɗin inda kitsen ya taru. Shi ya sa ya sa aka auna ƙuguna da tef, ya ce abin so shi ne kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum, don kitsen da ke kewaye da kayan ciki shi ya fi yin ɓarna. A farkon 2025 wani kwamitin ƙwararru 58 da mujallar Lancet ta haɗa ya ba da shawara mai kama da haka: a daina dogara da BMI kaɗai, a kuma bambanta mai ƙibar da ta riga ta taɓa aikin gaɓoɓinsa da wanda jikinsa ke aiki lafiya duk da ƙibar.

Bayan awo sai tambayoyi, kuma sun ɗauki lokaci. Yaushe nauyin ya fara hawa, me ya faru bayan kowace haihuwa, wane magani nake sha, yaya barcina, yaya al'adata, akwai mai ciwon sukari a dangi, ina cikin damuwa. Ya ce akwai magungunan da ke sa ƙiba, irin su wasu na taɓin hankali da na damuwa, da insulin, da magungunan sitiroyid idan an daɗe ana sha. Akwai kuma cututtuka, kamar raunin aikin tayirod da ke maƙogwaro. Aka ɗibi jinina.

A nan zan faɗi wani abu da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Addu'a nake yi a ce tayirod ɗin ne. Ina son in sami takarda mai hatimi da zan nuna wa 'yan'uwa da abokan aiki in ce ga shi, ciwo ne, ba haɗama ba ce. Sakamako ya fito, tayirod lafiya lau. Abin da aka gani shi ne awon sukari na wata uku, wanda ake kira HbA1c, ya kai 6.1, wato ina tsakanin 5.7 da 6.4, matakin da ke gab da ciwon sukari. Hoton ciki kuma ya nuna kitse ya fara taruwa a hanta. Na ce wa likita, “To ke nan laifina ne.”

Ya ce ba kotu muke ba. Sannan ya yi mini bayanin da na daɗe ina buƙata. A 1990 Albert Stunkard da abokan aikinsa sun yi nazarin tagwaye masu kama ɗaya a Suwidin waɗanda aka raba tun suna ƙanana suka tashi a gidaje daban-daban, aka tarar nauyinsu ya yi kusa da juna ƙwarai duk da ba tukunya ɗaya ta raine su ba. Masana na ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 70 cikin 100 na bambancin nauyi tsakanin mutane daga gado yake. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano sinadarin leptin, wanda kitsen jiki ke fitarwa yana sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke akwai. Idan mutum ya rame, leptin ya ragu, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka fari aka shiga, ta ƙara yunwa, ta rage ƙona abinci. A Melbon ta Ostareliya an sa mutum 50 a tsarin rage cin abinci mai tsanani, suka zubar da kimanin kilo 13 kowanne, amma binciken da aka buga a 2011 ya nuna bayan shekara guda sinadarin da ke tayar da yunwa, girelin, yana nan sama da yadda yake kafin su fara. A 2016 Kevin Hall ya bi sawun mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba a wani shirin talabijin na Amurka. Bayan shekara shida yawancinsu nauyin ya dawo, kuma jikinsu na ƙona kimanin kalori 500 ƙasa da yadda ya kamata a kowace rana. Jiki kamar mai bin bashi ne, in ji shi, abin da ka rage masa ba ya mantawa, zai yi ta sallama har sai an biya. Ya ce wannan ba ya nufin abinci da motsa jiki ba su da tasiri. Yana nufin mutum biyu za su yi ƙoƙari iri ɗaya, ɗaya ya ga sakamako, ɗaya ya kwana da yunwa. Ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da ƙiba a matsayin cuta tun 2013 saboda irin waɗannan dalilai.

Gwajin barci bai da wani dogon labari. An ba ni wata 'yar na'ura na kwana da ita, igiya a ƙirji, wani abu a yatsa, siririn bututu a hanci. Ta tabbatar numfashina na yankewa sau da yawa a kowace awa. Aka haɗa ni da na'urar da ke hura iska ta abin rufe hanci, wadda ake kira CPAP. Makon farko na tsane ta, daga baya na fara tashi da safe ba ciwon kai. Gyangyaɗin taro ya tafi tun ban rage ko kilo ɗaya ba. Ragwancin da aka shekara ana jingina mini, rashin iska ne.

Wurin masaniyar abinci ne na fi jin tsoro, don na zaci za ta miƙo mini jerin abubuwan da aka haramta. Sai ta ba ni littafi ta ce in riƙa rubuta abin da na ci, da lokacin, da wurin, da wanda ke kusa, kada in canza komai. Da na dawo ta duba, ta ce, “Malama, ke ai ba kya cin abinci da rana.” Gaskiya ne. A wurin aiki ba na ci a gaban mutane. Idan na ci mai maiƙo a ce shi ya sa, idan na ci ganye a ce wa za a ruɗa. Sai in wuni da ruwa, in dawo gida jiri na ɗibata, in jira kowa ya kwanta, in ci na yini guda a tsaye a kicin cikin sauri. Ban taɓa haɗa wannan da idon mutane ba sai da na gan shi a rubuce da hannuna. Haka maganar motsa jiki. Na taɓa fara tattaki da yamma, wasu samari a kan babur suka rage gudu, ɗaya ya ce, “Mama, a yi a hankali kada ƙasa ta tsage,” suka bushe da dariya. Daga ranar ban sake fita ba.

Aikin da ta fara ba ni shi ne in ci abinci sau uku a zaune, a kan lokaci, ko da wa ke kallo. Sauran gyare-gyaren, rage abin sha mai zaƙi, ƙara ganye da abinci mai gina jiki, rage girman faranti, a hankali suka biyo baya. Na rana a ofis ya fi komai wuya. Ranar da na fara buɗe kwanona a kan tebur, wata ta leƙo ta ce, “A'a, yau kuma an fasa rejim ɗin ne?” Na ce mata likita ne ya sa ni, na ci gaba da ci, hannuna na rawa.

Akwai kuma zaman rukuni da wata masaniyar halayyar ɗan Adam, maza da mata. A nan na ji abin da ya fi nawa. Wani magidanci ya ce sau da dama ana yaba takardunsa a waya, idan ya shigo ɗakin ganawa sai ya ga fuskoki sun canza, daga nan sai “za mu neme ka”. Wata budurwa ta ce mahaifiyarta na kulle mata abinci tun tana 'yar shekara tara. Wani kuma ya ce ya fi shekara goma bai shiga hoto ba, har na ɗaurin auren 'yarsa. Malamar ta ce wuraren da doka ta hana a nuna wa mutum bambanci a wurin aiki saboda nauyinsa ba su da yawa. Jihar Mishigan ta Amurka ta yi tata tun 1976, birnin New York kuma sai a 2023. Ta ba mu labarin wani gwaji na 1961 da aka nuna wa yara 'yan shekara goma zuwa sha ɗaya zanen yara shida, har da mai sanduna, da mai keken guragu, da mai tabo a fuska, da mai ƙiba, aka ce su jera wanda suka fi so. Mai ƙiba ne ya zo ƙarshe. Da aka maimaita gwajin bayan shekara 40, ƙyamar ta ƙaru. Masu bincike a Jami'ar Harvard ma sun duba gwaje-gwaje fiye da miliyan huɗu da aka yi tsakanin 2007 da 2016, suka ga son zuciyar da mutane ke ɓoyewa game da launin fata ya ragu, amma na ƙiba ƙaruwa ya yi. Ko al'ummomin da a da suke ganin jiki alamar wadata ce, kamar mutanen Samowa, wani bincike na 2011 ya nuna su ma sun fara ɗaukar ƙiba a matsayin lalaci.

Na sha jin masu cewa ai gorin ne zai sa mutum ya tashi tsaye, idan aka lallaɓa shi sai ya miƙe ƙafa. Ni dai an yi mini gori tun ina yarinya, da yana rage kilo da tuni iska ta ɗauke ni. Bincike ma bai goyi bayansu ba. A 2013 Angelina Sutin da Antonio Terracciano sun bi mutum fiye da 6,000 na tsawon shekara huɗu. Waɗanda ba su kai matakin ƙiba ba amma aka tsangwame su saboda nauyinsu, yiwuwar su kai matakin ta ninka ta sauran sau biyu da rabi. Waɗanda dama suna da ƙibar kuma aka tsangwame su, yiwuwar su ci gaba da zama da ita ta ninka sau uku. Ban buƙaci a fassara mini dalili ba, littafin abincina ya riga ya nuna mini. Wanda aka kunyata ɓuya yake yi: ya ɓuya ya ci, ya daina fita, ya guji asibiti. A watan Maris na 2020 ƙwararru daga ƙasashe da dama sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa a mujallar Nature Medicine suna kira da a kawo ƙarshen wannan tsangwama, har a cikin asibitoci.

Amma kuma ban bi masu cewa ƙiba ba ta da wata illa, duk sharrin mutane ne ba. Sukarina da hantata ba bakin mutane ne ya taɓa su ba. Ana iya cewa abu na cutarwa ba tare da an wulaƙanta mai ɗauke da shi ba, kamar yadda ake yi wa mai hawan jini ko mai asma. Wannan bambancin ne mutane da yawa suka kasa riƙewa, har da masu farar riga.

Burin da likita ya sa mini ya ba ni dariya da farko: kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyina. Na ce wannan ai ba wanda zai lura. Ya ce ba don a lura muke yi ba. Ya kawo wani babban gwaji da aka buga a 2002 a Amurka, inda masu sukari irin nawa suka sa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100. Na koma tattaki, da sassafe wannan karon, tare da wata da muka haɗu a zaman rukuni. Nauyin ya ɗan sauka, sannan ya tsaya cak, yunwa kuma ta dawo da ƙarfinta kamar yadda aka gaya mini za ta yi.

A nan ne ya kawo maganar allurar semaglutide, wadda ake yi sau ɗaya a mako. Tana kwaikwayon wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan cin abinci, mai gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Ya faɗa mini gaskiyarta duka. A gwajin da aka buga a 2021 kan mutum 1,961, masu allurar sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, waɗanda aka yi wa ta bogi kuma ƙasa da kashi 3. Amma waɗanda suka daina, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo. Tana da tsada, tana sa tashin zuciya, ba kowa ya dace da ita ba, kuma ba abin da za a saya a intanet a soka wa kai ba ne. Na yi shawara da maigidana, muka yi lissafi, na fara da ƙaramin awo.

Tashin zuciyar ya zo, da kumburin ciki, suka lafa bayan ɗan lokaci. Abin da ban zata ba shi ne shirun da ya sauka a kaina. Ashe tun tasowata akwai wata murya da ke maganar abinci ba dare ba rana, me za a ci, yaushe, saura nawa, ban san tana nan ba sai da ta yi shiru. Na bar abinci a faranti ba tare da na yi kokawa da kaina ba. Ranar na zauna ina tunani, ashe haka siraran da ke yi mini wa'azin juriya suke rayuwa. Ba yaƙi suke ci kullum ba, yaƙin ne bai same su ba.

Da jikin ya fara sauka sai bakunan suka juya. “Kai, kin yi kyau!” “Yanzu kika fito mace.” Wata gwaggona ta riƙe hannuna ta ce, “'Yar nan, yanzu kika zama mutum.” Da zuciya ɗaya ta faɗa, na kuma amsa da na gode, amma na kwana ina tambayar kaina me nake a idonta duk shekarun nan. A wurin aiki aka fara sa ni a gaba idan baƙi sun zo, aka fara sauraron shawarata a taro, alhali ƙwaƙwalwar dai ita ce ta bara. Masu shago suka daina ce mini “babu sayis ɗinki” tun daga bakin ƙofa. Wasu kuma suka koma raɗa, ko ciwo take yi ne, ko gidan ba lafiya. Da na faɗa wa wata ƙawata cewa allura nake yi, sai ta taɓe baki ta ce, “Au, ashe hanyar sauƙi kika bi.” Ita ce dai wadda ta shekara tana ce mini in yi wani abu a kai. Na tambaye ta ko za ta faɗa wa mai shan maganin hawan jini haka, ta ce ai wannan daban ne. Ban ja maganar ba. Abin da na fahimta shi ne ba ramar kaɗai ake so daga mai ƙiba ba, ana so a ga ya sha wuya, kamar mai biyan tara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na da ƙiba, sama da biliyan ɗaya ke nan, kuma adadin a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun 1990, a tsakanin matasa kuma sau huɗu. Ba na jin juriya ce ta ƙare wa 'yan Adam a cikin shekara 30. Abinci ne ya canza, aiki ya koma na zama, barci ya ragu, jikin da ya gaji saurin ajiya kuma ya yi abin da ya iya.

Yanzu nauyina ya sake tsayawa, kuma BMI ɗina har yau yana sama da 30, wato a takarda ni mai ƙiba ce, a idon mai wucewa ma haka. Sukarin ya sauko ƙasa da 5.7, jinin ya daidaita, an rage ƙarfin iskar na'urar barci. Mutane sun fara tambaya, “Ya aka yi kika tsaya? Ki ƙara ƙoƙari mana, saura kaɗan.” Likita kuwa ya ce inda muke ya yi masa. Abin da ke gabanmu shi ne maganar allurar, ko in ci gaba da ita, ko a rage awon a ga yadda jikin zai yi, don aljihu ya fara nuna gajiya. Ya ce idan muka rage nauyin ya ɗan dawo, kada in ɓace masa kamar yadda na ɓace wa asibiti a baya, in zo a sake lissafi. Ya rubuta mini gwajin sukari da hoton hanta da zan yi kafin zama na gaba.